Yadda Za Ku Bambanta Tabbatacciyar Manhaja da Wadda Ake Cikin Gwadawa

Duk manomin da ya taɓa karɓar sabon iri daga hannun malamin gona ya san tambayar da ake fara yi: shin an gama gwada wannan iri, ko kuwa a gonata za a gwada shi? Amsar ita ke nuna inda za a shuka shi. Idan an gama gwaji, ana iya kai shi gandu, inda abincin gida duka yake fitowa. Idan ba a gama ba, sai a ba shi ɗan gefe a gayauna, a zuba ido a ga abin da damina za ta yi da shi.

Irin wannan tambaya ce ya kamata ku riƙa yi game da manhaja, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta da salula domin su yi aiki. Manhaja ma tana da wadda aka gama gwadawa da wadda ake cikin gwadawa. Masu yin ta ba su ɓoye bambancin ba. Suna rubuta shi a fili, da haruffa da lambobi irin waɗanda kuka riga kuka koya a ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya rage shi ne a nuna muku inda za ku duba.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da rake a Matameye da wannan magana? Ruwansa yana nan. Salular da ke aljihunsa cike take da manhajoji. Da ita yake jin farashin kaya a Damagaram da Kano, da ita ɗansa da ya tafi ci-rani yake turo masa saƙo da kuɗi. Wasu ƙungiyoyin manoma da na mata masu asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna marmarin barin littafin takarda su koma ajiye lissafi a na'ura. Wannan abu ne mai kyau. Amma ranar da na'urar ta rikice, sunan wadda ta zuba kuɗi da na wadda ba ta zuba ba suna iya ɓacewa tare, kuma rigimar da za ta biyo baya ba mai gyaran kwamfuta ne zai raba ta ba.

Mene ne PHP?

Za mu ɗauki misali da wani harshen kwamfuta mai suna PHP, domin tsarinsa a bayyane yake, kuma wanda ya fahimce shi zai fahimci sauran.

Idan kuka buɗe shafi a intanet, abin da kuke gani a fuskar salula ba a cikin salular aka shirya shi ba. Akwai wata babbar kwamfuta a nesa, watakila a Yamai, ko Faransa, ko Amurka, wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita ke ɗauke da shafin, don haka bari mu kira ta kwamfutar masauki. Da kun latsa, saƙonku zai je wurinta, ta duba rumbun bayananta, ta haɗa amsa, ta turo muku. Kafin ta iya yin haka, dole wani ya rubuta mata umarni cikin harshen da take ganewa. Harsunan suna da yawa, amma wanda ya fi yaɗuwa a wannan aiki shi ne PHP. Ana kiran sunan harafi bayan harafi. Da Faransanci za ku ji ana cewa pe, ash, pe.

Wani mutum mai suna Rasmus Lerdorf ne ya fara fitar da shi a watan Yuni na 1995. Da farko ɗan kayan aiki ne da ya haɗa domin ya san masu leƙa shafinsa na kansa. Ya bar shi kyauta ga duk mai so, wasu suka karɓa suka faɗaɗa shi, musamman Andi Gutmans da Zeev Suraski, waɗanda suka sake masa ginshiƙi har aka fitar da PHP 3 a 1998. Har yanzu ba a sayar da shi. Mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗa hannu suna rubuta shi, kuma alamarsa giwa ce.

Kuna amfani da shi ba tare da kun sani ba. Kundin Wikipedia, har da sashensa na Hausa, yana tafiya a kan manhajar MediaWiki, wadda aka rubuta da PHP. Haka WordPress, wadda jaridu da ƙungiyoyi masu yawa suke gina shafukansu da ita. Haka Moodle, wadda makarantu ke koyarwa da ita daga nesa. Facebook ma da PHP aka fara gina shi a 2004. Saboda haka idan ƙungiyarku ta ɗauki wani matashi ya gina mata shafi, akwai kyakkyawan zato cewa giwar nan ce za ta ɗauki kayan.

PHP ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kamar yadda ake sake buga littafin karatu a gyara kurakurai a ƙara darussa, a ce bugu na farko, bugu na biyu, haka ake sake fitar da shi. A nan ma kalmar bugu za mu yi amfani da ita. Wanda aka gama gwadawa mu kira shi tabbataccen bugu. Da Faransanci za ku ga an rubuta *version stable*. Wanda ba a gama ba mu kira shi bugun gwaji.

Alfa, beta da RC

Haruffa biyu na farko a rubutun Girkawa sunansu alfa da beta. Wanda ya yi karatun allo zai ji kamar ya san su, kuma ya yi gaskiya. Ƴan uwan alif da ba ne, domin rubutun Girkanci da na Larabci daga tsatso ɗaya suka fito, wato tsohon rubutun mutanen gaɓar tekun Sham. Daga waɗannan haruffa biyu aka samo kalmar *alphabet*, daga ita kuma aka samo *alphabétisation*, sunan da ake kiran yaƙi da jahilci a takardun hukuma, wanda mutane ke taƙaitawa su ce alfa. Ke nan kalmomin ba baƙinku ba ne. Masu rubuta manhaja sun are su ne kawai domin su ce mataki na farko da mataki na biyu na gwaji.

Ku tuna yadda sabon iri yake isowa gare ku. Masu bincike, irin na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da aka kafa a 1975, suna fara shuka shi a cikin tasharsu, inda in ya lalace ba cikin kowa zai kwana da yunwa ba. In ya yi kyau, sai a kai shi gonakin wasu manoma da suka yarda, a wurare dabam-dabam, damina fiye da ɗaya. Sai bayan nan a shigar da sunansa kundin iri, a ninka shi, a zuba a buhu, a ɗaura masa takardar shaida. Ta irin wannan hanya iri kamar gero HKP, da geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka saki a Nijar a 2018, suke kaiwa ga manomi.

Alfa ita ce tashar bincike. A wannan mataki ana ta ƙara sababbin abubuwa ana cire wasu. Abin da ya yi aiki yau yana iya ƙin yi mako mai zuwa. Masu rubuta harshen da abokan aikinsu na kusa ne ke taɓa shi.

Beta ita ce gonar manomin da ya yarda a yi gwaji. Da an shiga beta, an rufe ƙofar ƙara sababbin abubuwa. Abin da ya rage shi ne farautar kurakurai. Ana sakin bugun ga jama'a ana cewa, ku gwada, ku faɗa mana inda ya karye. Ku lura da wannan da kyau: ana ba da beta ne domin an san akwai kurakurai a ciki, kuma ana neman wanda zai yi tuntuɓe da su. Duk lokacin da masu PHP suka fitar da irin wannan bugu, suna haɗawa da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a ɗora aikin gaske a kansa.

Bayan beta sai RC. Haruffa biyu ne na Ingilishi da ke nufin bugun da ake sa ran shi za a saki. Masu aikin suna cewa, a ganinmu mun gama, amma bari mu jira mu ga ko wani zai tono abin da ya ɓuya. In an tono, a gyara, a fitar da RC na biyu, na uku, har abu ya lafa. RC ya fi beta nuna, amma har yanzu buhu ne da ba a ɗaura masa takardar shaida ba.

Wannan tafiya tana cin lokaci. Beta na farko na PHP 5 ya fito a watan Yuni na 2003. Aka yi beta huɗu da RC uku, sannan tabbataccen bugu ya fito ranar 13 ga Yuli 2004, bayan fiye da shekara ɗaya ana gwaji. Daga baya aka sa wa aikin ƙa'ida. Tun daga 2015, sabon reshe yana fitowa sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Abin sha'awa, kalandar tasu ta yi kusan daidai da ta manomin Kance: alfa a watan Yuni ko Yuli, lokacin shuka, beta a Yuli ko Agusta, lokacin noma, RC wajen Satumba da Oktoba, da kaka, tabbataccen bugu kuma sai an kai hatsi rumbu. Don haka idan wani ya zo muku a watan Agusta yana alfahari da cewa ya samo PHP na bana, ku sani ɗanye ya tsinko.

Karanta lambar bugu

Kowane bugu yana da lamba kashi uku, da ɗigo a tsakani. Ku ɗauki 8.3.12. Lamba ta farko, 8, ita ce babban gida. Ba ta canzawa sai bayan shekaru, kuma in ta canza, wasu tsofaffin shafuka sukan daina aiki sai an gyara su. PHP 7 ya fito ranar 3 ga Disamba 2015, PHP 8 kuma ranar 26 ga Nuwamba 2020. Lamba ta biyu, 3, ita ce reshen shekara. Lamba ta uku, 12, tana ƙirga sau nawa aka yi wa reshen gyara; kusan kowane wata ake fitar da gyara ɗaya.

Ga jerin yadda reshen 8.3 ya taso a 2023. Ku karanta daga sama zuwa ƙasa, da babbar murya idan kuna cikin aji:

8.3.0-dev
8.3.0alpha1
8.3.0beta1
8.3.0RC1
8.3.0
8.3.1

Huɗun farko duk suna da wutsiya ta haruffa bayan lamba. Biyun ƙarshe ba su da ita. Ƙa'idar ke nan: lamba tsura, ba harafi a bayanta, tabbataccen bugu ce; lamba mai wutsiya, bugun gwaji ce. Na saman duka, mai *dev*, ko alfa bai kai ba. Shi ne aikin da ke kan teburin masu rubutu, yana canzawa kullum. Na biyar, 8.3.0, shi ne ya fito ranar 23 ga Nuwamba 2023.

Akwai wurare biyu da ido yake ruɗar mai karatu. Na farko, ɗigon nan ba na lissafi ba ne, katanga ce kawai tsakanin lambobi uku. Saboda haka 8.3.12 ya fi 8.3.9 sabunta, domin 12 ta fi 9, ko da yake idon da ya saba da lissafin kuɗi zai so ya ce tara ta fi ɗaya. Na biyu ya fi haɗari. A watan Agusta na 2024, akwai 8.3.10 kuma akwai 8.4.0beta3. Wanda ya duba girman lamba kaɗai zai zaɓi na biyu, yana ganin shi ne gaba. Gaba ne a shekaru, amma shi ne wanda ba a gama ba. Wutsiya ake fara dubawa, sannan girman lamba.

A ganina, ko tabbataccen bugu na farko, mai sifiri a ƙarshe, bai kamata ƙaramar ƙungiya ta yi rige-rigen hawansa ba. Ranar da ya fito ne dubban shafuka ke fara ɗora masa kaya, a nan kuma sauran kurakurai ke bayyana. Ku bar masu ma'aikata da yawa su fara shiga ruwan. Wata biyu ko uku ba za su rage ku da komai ba.

Bugun da bai taɓa fitowa ba

Mai lura zai ga mun ambaci PHP 5 da PHP 7, ba mu ambaci 6 ba. Labarinsa ya shafe mu kai tsaye.

Kwamfutocin farko haruffan Ingilishi aka gina su da su. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin lissafin. Daga baya aka yi wani babban kundi mai suna Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, har da namu da na ajami. To amma a ajiyar kwamfuta harafin k gurbi ɗaya yake ci, harafin ƙ kuma gurbi biyu. In ka sa PHP ya ƙirga tsawon kalmar ƙasa ta hanyarsa ta asali, zai ce biyar, alhali haruffa huɗu ne. A 2005 masu PHP suka ɗaura aniyar gyara wannan tun daga tushe, suka sa wa aikin suna PHP 6. Mutane suka yi ta ɗoki. Har aka buga littattafai masu PHP 6 a bango, aka sayar, wasu suka saya suka karanta. Aikin ya yi nauyi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a watan Maris na 2010 aka ajiye shi. An kwashe abubuwa masu amfani daga cikinsa an zuba a reshen 5, amma tabbataccen PHP 6 bai taɓa fitowa ba. Da lokacin sabon babban gida ya zo, sai aka tsallake lambar aka ce 7, don kada a ruɗa shi da waɗancan littattafai.

Kada wannan ya tsorata ku game da rubutun Hausa. PHP na yau yana ɗaukar haruffanmu lafiya idan mai gina shafi ya san aikinsa, kuma batun ya ƙara nauyi tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025. Abin da labarin ke nunawa shi ne, bugun gwaji alkawari ne, alkawari kuma yana iya tashi. Wanda ya gina shafinsa a kan abin da aka ce zai zo a PHP 6 ya yi gini a filin da ba a yanka ba.

Ga wani labarin kuma. Ranar 28 ga Maris 2021, wasu da ba a san ko su wane ne ba suka kutsa inda ake ajiye aikin PHP da ke kan tebur. Suka saka ƴan layuka da sunan Rasmus Lerdorf da wani babban mai aikin, Nikita Popov, suka nuna kamar gyaran kuskuren rubutu ne. A gaskiya ɓoyayyiyar ƙofa ce, wadda za ta ba ɓarawo damar ba kwamfutar masauki umarni daga nesa. Masu duba aikin suka gano cikin sa'o'i, suka cire, daga baya suka kwashe aikin duka zuwa GitHub. Gubar ta shiga 8.1.0-dev ne kaɗai. Ba ta kai ga ko tabbataccen bugu ɗaya ba, domin tsakanin tebur da jama'a akwai matakan tankaɗe da muka lissafa. Wanda ya je ya ɗebo daga tebur a waɗannan sa'o'i ne kawai ya kwaso ta.

Tsohon da ya wuce lokacinsa

Kada kuma a ce tunda sabo yana da haɗari, a liƙe wa tsoho. Mangwaro ɗanye yana ɓata ciki, ruɓaɓɓe ma haka. Kowane reshen PHP yana da wa'adi, kamar maganin asibiti. A tsarin da aka amince da shi a 2024, reshe yana samun shekara biyu ana gyara masa kowane irin kuskure, sannan wasu shekara biyu ana toshe masa kafofin da ɓarayi ke iya bi kaɗai. Bayan nan an sallame shi. Zai ci gaba da aiki, shafi zai buɗe kamar kullum, amma in an gano sabuwar kafa ba wanda zai toshe, kuma ɓarayin intanet suna karanta sanarwar kafofin nan fiye da yadda masu shafuka ke karantawa.

Wa'adin 5.6 ya cika a ƙarshen 2018, na 7.4 a Nuwamba 2022, na 8.0 a Nuwamba 2023. An sa wa 8.3 ƙarshen 2027, an sa wa 8.4, wanda ya fito ranar 21 ga Nuwamba 2024, ƙarshen 2028. Duk wannan yana rubuce a shafin masu harshen, php.net, a jadawali mai launi. Wannan matsala ta tsufa ta fi ta beta yawa a ƙananan ƙungiyoyi, domin sau da yawa ana gina shafi da kuɗin wani shiri, shirin ya ƙare, mai ginin ya tafi, shafin ya zauna shekaru ba mai leƙa ƙarƙashinsa.

Idan ƙungiyarku za ta ba da aiki

A ce ƙungiyar masu noman rake ta Dungu, ko ta matan da ke matsar man gyaɗa a Matameye, ta tara jaka ɗari ko ɗari biyu domin wani matashi daga Damagaram ya gina mata wurin ajiye sunayen mambobi da lissafin bashi. Ba sai kun iya PHP ba kafin ku tsare dukiyarku. Mai ba tela ɗinki bai iya keke ba, amma ya san ya tambayi yadi.

Ku ce masa cikin girmamawa, malam, nuna mana lambar bugun da ka ɗora aikinmu a kai. Abu ne na minti ɗaya. Akwai ɗan umarni, php -v, da ke fito da ita, kuma ana ganinta a shafin kula da masauki. Kada ku tsaya ga abin da ya faɗa da baki. Sakataren ƙungiya ya karanta da idonsa, ya kwafe a littafi da kwanan wata. In akwai wutsiya, ku ce a canza kafin a biya. In babu, ku nemi ya buɗe jadawalin nan ku ga shekarar da wa'adin reshen zai cika. Irin wannan tambaya za ku yi game da WordPress ko duk wata manhaja da ya ɗora a sama, domin su ma suna da beta da RC nasu.

Sannan a rubuta a takardar yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta shafin, sau nawa a shekara, da nawa za a biya shi. A wannan gaɓa ce yawancin ayyuka ke mutuwa, domin kowa yana tuna kuɗin gini ya manta kuɗin yaɓe. Kafin ku karɓi aiki, ku sa a rubuta sunaye masu haruffanmu, kamar Ɗanladi da Ƙasimu da Ɓaidu, a ajiye, a sake buɗewa. In alamar tambaya ko wasu baƙin zane suka fito a madadin harafi, aikin bai ƙare ba. Kuma kada ku yar da littafin takarda. A kowane ƙarshen wata a buga lissafin a ajiye a akwati.

Matashin da ya ce yana son gwada beta ba laifi ya yi ba. Da masu gwaji irinsa ne harshen ke gyaruwa, kuma abin alfahari ne a ce rahoton kuskure ya fito daga jihar Damagaram. Sai dai ya gwada a kwamfutarsa, da kwafin bayanai, ba a kan asusun mutane ba.

A cikin salularku

Kalmar beta ba kullum take da nauyi ɗaya ba. Gmail ya ɗauki wannan suna daga 2004 har 2009, miliyoyin mutane suna aiki da shi lafiya. Mu da muka bi ta makarantar horon malamai mun san irin wannan: makarantar farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a 1973 da sunan gwaji, sunan kuma ya bi irin waɗannan makarantu shekaru da yawa, har ɗalibansu na farko suka yi furfura. Amma ba ku da hanyar sanin wace beta ce ta gaske, wace ce ta suna. Ku ɗauki kalmar a kan ma'anarta.

WhatsApp da Facebook da manhajoji da yawa suna da shirin gwaji a Play Store. Wani lokaci yaro ne a gida, ko mai caji a kasuwa, yake latsa shiga domin ya ga sababbin abubuwa kafin kowa. Alamar ita ce za ku ga kalmar Beta, ko *bêta* da Faransanci, kusa da sunan manhajar. In salular ita ce ta sana'a, wadda abokan ciniki ke kira, wadda ake karɓar kuɗi da ita, ku fita daga shirin.

Akwai kuma abin da ya fi beta muni, wato manhajar jabu da ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ranar kasuwa, irin su GB WhatsApp. Wannan ba bugun gwaji ba ne, ba kuma tabbatacce ba ne. Wasu ne suka ɗauki aikin kamfani suka sauya shi, ba wanda ya san abin da suka cusa. Iri ne a buhu marar takarda. Kamfanin WhatsApp ya sanar cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su, na ɗan lokaci ko har abada, kuma lambar ɗan kasuwa jarinsa ce.

Kafin ku fita daga shirin gwaji, ko ku cire jabu ku sa ta gaske, ku fara adana abin da ke ciki. A WhatsApp na gaske ana yin haka a wurin saituna, ƙarƙashin sashen hira. Da Faransanci kalmar da za ku nema ita ce *sauvegarde*. A ta jabu kuwa, saƙonni ba lalle su biyo ku ba, don haka ku kwafe lambobin abokan ciniki da lissafin bashi a takarda tukuna. Bayan nan ku buɗe Play Store, ku nemo sunan manhajar, ku gangara ƙasa inda aka rubuta cewa kuna cikin masu gwaji, ku latsa fita. Sai ku cire manhajar ku sake sauke ta daga nan, ku duba ko kalmar Beta ta ɓace daga gefen sunan. Wannan aiki yana cin kuɗin intanet, don haka ku zaɓi wurin da layi yake da ƙarfi, batir kuma a cike.